Wasiƙa: Ruwan da esi ke zubarwa a ɗaki, a daina ɗora wa gas laifi kullum

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah ka ɗan bani fili a wannan jarida tamu in yi magana akan wani abu da mutane suka raina amma kuma yana lalata gidaje yana cinye kuɗin jama'a a banza, wato ruwan nan da na'urar sanyaya ɗaki take fitarwa, wadda muka fi sani da esi.

In mutum zai sayi esi zaka ji yana ta tambaya, hos nawa ce, mai inbata ce ko ba mai inbata ba, tana shan wuta ko bata sha, wane kamfani ne ya yi ta, duk tambayoyi ne masu kyau ban ce a'a ba, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi mai haɗawa ina ruwan zai riƙa bi. Sai bayan wata biyu ko uku bango ya fara jiƙewa fenti yana ɓarewa, ko a tashi da safe a tarar da katifa sharkaf, sannan hankali ya tashi a kira mai gyara, shi kuma tun kafin ya buɗe murfin na'urar ya ce ai gas ne ya ƙare. To wannan maganar ta gas ɗin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin wallahi yawancin zubar ruwan nan ba ruwansa da gas, hanyar ruwa ce ta toshe ko kuma tun ranar farko ba a yi ta daidai ba.

Bari mu fara da inda ruwan yake fitowa, don har yanzu akwai masu zaton wai ana zuba wa esi ruwa ne a ciki ko kuma gas ɗin ne ke narkewa. Ba haka bane. Iskar da ke cikin ɗaki tana ɗauke da laima, wato ruwa ne a cikinta da ido baya gani, daga numfashinmu da zufa da jiƙaƙƙun kaya da iskar waje da ke shigowa. Ita esi tana zuƙo wannan iskar ta bi da ita ta cikin wasu siraran ƙarafa masu sanyi ƙarara da ke bayan murfin, da iskar ta taɓa su sai laimar ta koma ruwa, kamar dai yadda zaka ga bayan kofin ruwan sanyi yana zufa alhali kofin bai fashe ba. Ruwan sai ya gangaro cikin wani ɗan tire mai kama da kwalbati da ke ƙarƙashin ƙarafan, daga nan ya bi tiyo ya fita waje. Kenan in ka ga esi tana ɗigar da ruwa ta waje lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. Hasali ma saboda wannan aikin aka ƙirƙiro ta tun farko, Willis Carrier da ya haɗa ta a shekarar 1902 ba don mutane su sha sanyi ya yi ba, wata maɗaba'a ce a Brooklyn ta birnin New York a Amurka laima ta addabe su, takarda tana kumbura tana motsewa launuka suna kaucewa daga inda ya kamata su hau, shine ya yi musu na'urar da zata cire laimar daga iska. Kaga ashe fitar da ruwa shine asalin sana'ar esi, amma mu shi muka mayar abin da ba a ko waiwaya.

Kuma ba ɗan ruwa bane. Esi mai hos ɗaya da rabi in ana cikin damina ko a wuri mai laima tana iya tatso sama da lita 1 a awa guda, ka lissafa daga dare zuwa safiya, bokiti ne guda. In iska ta bushe kuma sai ka ga da ƙyar take ɗiga ko ma babu sam, wannan ma ba matsala bace, kar wani ya tsorata ka. Abin tsoro shine ana cikin laima esi na aiki awa da awanni amma bakin tiyon waje a bushe, to ka tabbata ruwan nan yana zuwa wani wuri, in ba cikin ɗaki ba to cikin bango ko saman silin.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shine irin esi ɗin da ake maƙalawa a bango ba ta da wani inji da ke tura ruwan, gangarowa kawai yake yi da kansa, kuma ruwa baya hawa tudu. A nan ne masu haɗawa da yawa suke cutar mutane, wasu da gangan don sauri wasu kuma rashin sani. Ƙa'idar da ake bi ita ce bututun ya riƙa sauka aƙalla santimita 1 a kowace mita 1, tun daga jikin na'ura har bakin fita, ba tare da ya lotsa a tsakiya ko ya lanƙwashe ko ya sake hawa ba. Ramin da ake hudawa a bango ma dole bakinsa na waje ya fi na ciki yin ƙasa, amma sai ka ga an huda shi a miƙe ko ma ya kalli sama saboda mai aikin yana tsaye a ƙasa yana ɗaga hannu, an tura bututan tagulla da wayar wuta da tiyon ruwa an naɗe su da tef a cukurkuɗe, alhali littafin da ke zuwa da na'urar ya faɗa ƙarara cewa tiyon ruwa shine zai kasance a ƙasan ƙunshin. In ya hau saman bututan tagulla to ka riga ka gina wa ruwa tudu a cikin bango inda ba mai gani. Haka ƙarfen da ake rataye na'urar a jikinsa, in ba a sa ma'aunin nan na magina mai ɗan ruwa a ciki an daidaita shi ba, na'urar ta karkace zuwa ɓangaren da ba tiyo, ruwa zai taru a can ya cika ya tumbatso ta gaba. Da yawa daga cikin na'urorin nan ma suna da kafar ruwa biyu, dama da hagu, ana amfani da ɗaya a toshe ɗayar da roba, in aka sauya ɓangare aka manta ba a mayar da robar ba ko ba a danna ta ta zauna ba, ranar da aka kunna ranar zata fara zuba.

Sai kuma ƙarshen tiyon. Wasu don kar ruwa ya ɓata musu tsakar gida sai su cusa bakinsa cikin jarka ko bokiti, to da zarar ruwa ya taru ya rufe bakin, iskar da ke cikin tiyon bata da mafita, sai ruwa ya tsaya ya koma baya. In zaka tara ruwan ka tara, amma bakin tiyo ya tsaya a sama yana ɗiga, kar ya nutse. Wasu kuma su haɗa shi kai tsaye da bututun banɗaki ko na sokawe, su wayi gari ɗaki yana warin masai su rasa daga ina, ai esi ɗin ce ke jawo warin ta cikin tiyo tana hura musu. In dole sai an haɗa da irin wannan bututu to a bar rata tsakani, kuma a sa lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa tana tare wari irin ta ƙarƙashin wurin wanke hannu.

Duk wannan fa mai gida zai iya kama shi tun ranar haɗawa da abu ɗaya tak, kafin ka sallami mai aiki ka ce ya ɗaga murfi ya zuba ruwa kamar gora guda a hankali cikin tiren nan kai kuma ka fita waje ka gani da idonka ko duk ya fito. Minti biyar bai kai ba. Mai aikin kirki ma baya jira a ce masa, wanda kuma ya ɓata rai don ka nemi haka to ka san akwai abin da baya so ka gani.

Yanzu a ce an haɗa ta daidai, shekara ta zagayo sai ta fara zuba. Nan kuma toshewa ce. Ƙurar da ta kuɓuce wa ragar tace iska da ke bayan murfi tana mannewa a jiƙaƙƙun ƙarafan nan, ruwa ya wanko ta cikin tire, ta haɗu da danshi da duhu sai wani yauƙi mai kama da majina ya fara tsirowa tare da gansakuka da fumfuna, a hankali a hankali ya cike ƴar kafar da ruwa ke bi wadda faɗinta bai fi ɗan yatsa ba. Ta waje kuma zanzaro na iya gina ɗakinsa na laka a bakin tiyo musamman in an daɗe ba a kunna ba, kyankyasai da ƙananan ƙadangaru su ma suna shiga su mutu a ciki. Rana kuma tana cinye tiyon roba ya bushe ya tsattsage, ko wani ya jingina kaya ya matse shi. Alamun basa ɓuya, wari irin na rumar tufafi da zarar an kunna, ko ka ji ƙarar ruwa yana ɓulɓul a ciki, ko ɗigo ta ƙasan na'urar yana bin bango.

Akwai wata zubar kuma da ba daga tiren take ba, ita ce zufar bututu. Bututan tagulla da ke ɗauke da gas suna da sanyi sosai, shi ya sa ake sa musu rigar soso, in soson ya yage ko aka yi ƙwauronsa aka bar wani wuri tsirara, wurin zai riƙa zufa yana ɗiga, in a cikin silin ne sai dai ka ga tabo yana faɗaɗa. Ko tiyon ruwan ma in ya yi doguwar tafiya a cikin ɗaki ko silin yana buƙatar rigar, saboda ruwan cikinsa mai sanyi ne.

To ina gas ya shigo? Ya shigo ta hanyar ƙanƙara, kuma gaskiya ne yana iya jawo zuba, ban musa ba. In gas ya ragu ƙarafan nan suna yin sanyi fiye da ƙima har ruwan ya daskare a jikinsu, in aka kashe ko ƙanƙarar ta yi yawa sai ta narke gaba ɗaya ta fi ƙarfin tire, wani lokaci ma na'urar ta riƙa tofo ƴan gutsattsarin ƙanƙara. Amma abin da ba a gaya wa mutane shine raga mai datti ma tana jawo wannan daskarewar sak, saboda iska bata samun wucewa, haka fankar ciki in ta yi dauɗa ko ta rage gudu. Kenan kafin a ambaci gas sai an duba raga an duba fanka an duba tiyo. Sannan gas ɗin esi ba fetur bane da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa yake yi a rufaffen bututu, in ya ragu to akwai inda yake tsiyaya, galibi a mahaɗar bututan inda aka ɗaure da noti, kuma da ruwan kumfar sabulu ma ana iya gano wurin. Duk mai gyaran da zai ƙara maka gas bai nemo inda yake fita ya toshe ba, ya san zaka sake kiransa. Wannan ɗabi'ar tana min ciwo matuƙa, domin mutum ya biya kuɗin gas, ruwa bai daina zuba ba, a ƙarshe ya haƙura ya ajiye bokiti a ƙarƙashin esi ya ce haka take. In ka ga ƙanƙara ka kashe sanyin ka bar fanka kaɗai tana aiki har ta narke da kanta, ka shimfiɗa tawul a ƙasa, don Allah kar a sa wuƙa ko sukundireba a ce za a ɓanɓare, bututan sirara ne huda su ba wuya.

Wani zai ce to ɗan ruwa ne, meye a ciki. Malam Edita akwai abubuwa a ciki. Na farko wuta, saboda sau da yawa soket ɗin esi yana dab da ita, kuma mutane suna son ajiye talabijin ko kwamfuta a ƙarƙashinta, ruwa da lantarki kuwa kowa ya san ƙarshen haɗuwarsu. Sai ginin kansa, filasta ta ruɓe, fenti ya kumbura, katako ya ci, silin ya jiƙe ya yi nauyi ya rufto, rodin cikin kankare ya yi tsatsa. Sai lafiya, wadda ita ta fi damuna, domin fumfuna bata buƙatar dogon lokaci, hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe a cikin awa 24 zuwa 48 kafin ta kama, kuma a riƙe laimar ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin 100. Esi mai fumfuna a ciki kuwa hura maka ita take yi cikin hanci dare da rana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, masu asma da yara ƙanana da tsofaffi su suka fi shan wahala, tari da atishawa da toshewar hanci, a yi ta cewa sanyin esi ne baya karɓarsu alhali datti ne. A waje kuma inda ruwan ke kwanciya sauro ne ke samun wurin haihuwa, musamman mai zanen fari da baƙi da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, shi tsaftataccen ruwa na cikin mazubi ma yake so, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Bokitin da aka manta a ƙarƙashin tiyo mako guda ya ishe shi.

Kulawar kuma ba wani abin wahala bace. Ragar nan ta gaba a zare ta duk bayan mako biyu a wanke da ruwa a shanya a inuwa ta bushe sannan a mayar, in wurin mai ƙura ne ma a fi haka yawaitawa, kuma ko don kuɗin wuta ya kamata a yi, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce tsaftatacciyar raga tana rage shan wutar esi da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Kafin ka taɓa komai ka kashe wutar daga makunninta na bango, rimot kaɗai bai isa ba. Lokaci lokaci ka leƙa waje ka ga tana ɗiga, ka share bakin tiyo. Duk wata ko wata biyu ana iya zuba ɗan ruwan khal fari, wato binega, a cikin tire a bar shi kamar rabin awa a bi shi da ruwa, yana rage yauƙin nan. Wasu suna sa bilic, ni dai bana goyon baya saboda yana cin ƙarafan kuma warinsa zai dawo ɗaki, amma abin da ya zama dole kowa ya sani shine kar a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal, haɗuwarsu na fitar da iska mai guba. In tiyo ya riga ya toshe gara a zuƙo dattin ta waje da injin zuƙar shara mai iya jan ruwa, akan a hura shi ya koma ciki ya fantsama a ɗaki, kuma kar a sa baki a tsotsa kamar yadda wasu ke yi, abin da ke cikin tiyon nan ba na shiga baki bane. Wata dabara mai sauƙi kuma, in zaka kashe esi ka mayar da ita kan fanka na ɗan lokaci cikin ya bushe, wasu sabbin ma suna yin haka da kansu. Sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin zafi ya kankama, a kira wanda ya san aiki ya wanke ƙarafan da fankar ciki da tire ya ɗauraye tiyo, ka tsaya a kansa ka ga ya yi, don wasu goge murfi kawai suke yi su fesa ruwa a ta waje su ce an yi sabis.

Masu esi ta taga nasu ya ɗan bambanta. Ita so take ta ɗan karkata kaɗan zuwa waje, kuma da yawansu da gangan aka yi su su riƙe ɗan ruwa a ƙasa fankar baya tana watsa shi a kan ƙarafan zafi don ta taimaka wajen hucewa, shi ne ƙarar fantsamar da ake ji. Wasu sai su ɗauko abin huda su ɓula gindinta wai ruwa ya fita, su dace da bututun gas, shikenan na'ura ta tashi aiki. Masu irin ta cikin silin kuma ita tana da ɗan famfo da ke tura ruwan sama da wani makunni mai yawo a kan ruwa da ke kashe na'urar in tire ya cika, in ka ga tana kashe kanta tana ƙyafta fitila kar ka yarda wani ya cire makunnin ko ya haɗe wayarsa don ta ci gaba da aiki, shine ke tsare maka silin.

Game da amfani da ruwan, a zuba wa fulawa a goge ƙasa a kora banɗaki duk ba laifi, ya fi a bar shi yana bin bango. Amma ba na sha bane ba na girki bane, ko da ka ganshi garai garai, ya bi ta kan ƙura da ƙarfe da fumfuna. Masu zuba shi a batirin inbata su ma su yi hattara, gaskiya ba shi da gishirin ma'adinai sosai amma ba tataccen ruwan batir bane da masu ƙera batir suka ce a sa.

Sai haƙƙin maƙwabci, wanda shi ma ba a ɗauke shi komai ba. A gidajen bene zaka ga na sama ya saki tiyonsa yana ɗiga a kan tagar na ƙasa ko shanyarsa ko kan masu wucewa, bango ya yi kore santsi ya kama hanya. A Hong Kong wannan laifi ne a doka, hukuma na ba mutum takardar gargaɗi in bai gyara ba a ci shi tara. Mu ko ba doka ai akwai kunya da sanin ya kamata, ƙarin bututu ƴan mitoci ne zai sauke ruwan har magudana. Masu gina gidajen haya ma ya kamata tun a zanen gini su fitar da bututun ruwan esi kamar yadda ake fitar da na banɗaki, ba sai kowane ɗan haya ya zo ya huda bango yadda ya ga dama ba. Kuma abin ƙaruwa zai yi, hukumar makamashi ta duniya a rahotonta na 2018 ta ce akwai esi kimanin biliyan 1.6 a duniya kuma ana hasashen su kai biliyan 5.6 zuwa 2050.

Roƙona gareka Malam Edita shine ku samo ƙwararren mai gyaran esi mai tsoron Allah ku bashi shafi ko sau ɗaya a wata masu karatu su riƙa aiko da tambaya yana amsawa, in da hali har da hotunan yadda tire da tiyo suke a ciki don mutane su gane abin da ake nufi. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a kuma su sa wa yaransu dokar gwajin ruwa kafin a bar gidan mutum, su kuma hana ƙarin gas ba tare da an nemo inda yake tsiyaya ba.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum